Mai Ƙwanƙwasa da Karyayyen Hinjin 504

A kowane babban gareji, ko a Kaduna ko a Kano ko a Maradi, aiki a rarrabe yake. Bakanike yana da inji da giya, rewaya yana da wayoyi da batir, mai faci yana bakin titi da tayoyinsa, mai fenti kuma yana can ƙarshen fili inda ƙura ba ta cika damunsa ba. Wanda kunne ke nuna maka wurinsa tun kafin ido ya gan shi, shi ne mai ƙwanƙwasa, wanda wasu ke kira fanal-bita. Jikin mota nasa ne: ƙofa, bonet, but, modigad, rufi. Jama'a sun fi saninsa da motar da ta yi hatsari, a kawo ta a murƙushe ya miƙar da ita. Ni dai a ganina ba a nan ake gane gwani ba, domin lotsattsen modigad kowa ma ya bubbuga, fila da fenti su rufa masa asiri. In kana son sanin hannun mutum, kai masa tsohuwar mota wadda hinjin but ɗinta ya karye. Wuri ne da fila ba ta da abin cewa. Ko murfi ya zauna daidai, ko bai zauna ba.

Tsohuwar motar da ta fi zuwa da wannan larura a ƙasashenmu ita ce Peugeot 504. Faransa ta fito da ita a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969, kuma kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, har da wannan murfin but da ya ɗan miƙe sannan ya karya ya gangara ƙasa, wanda ko daga nesa ka hango ka san ita ce. Mu kuwa daga Kakuri muka san ta, inda masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci a 1975, shekarar da wata 504 ta ci gasar tseren Safari a Kenya. Gwamnati ta mai da ita motar ofis, ma'aikata suka saye ta da rancen mota, direbobin tasha suka ɗora mata dogayen hanyoyi. Turai ta daina ƙera salun ɗin a 1983, Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har cikin shekarun 2000. Can Turai yanzu ta zama abin adanawa, a goge ta a fito da ita ranar hutu. A nan aiki ya cinye yawancinsu. Waɗanda suka saura da kyan gani suna hannun tsofaffin ma'aikata, ko magadan da suka ƙi sayar da motar Baba, kuma su ne masu sallama wa mai ƙwanƙwasa da maganar hinji.

Shi kansa hinjin ba shi da wani girma. Murfin but yana rataye ne a kan hinji biyu, dama da hagu, kowanne lanƙwasasshen hannu ne na ƙarfe mai kauri. Gefe ɗaya an ɗaure shi da kusoshi a cikin murfin, ɗaya gefen yana juyawa a kan wani ɗan fil da ke ɓoye a ƙarƙashin gilashin baya. Yawancin salun na wancan zamani ba su da ɗan bututun gas da ke tokare murfi a motocin yanzu. Abin da ke ɗaga musu murfi sifirin ne, ko kuma doguwar sandar ƙarfe da aka murɗe ta da ƙarfi ta ratsa daga wannan gefe zuwa wancan, tana neman warwarewa, neman warwarewar nan ne ke tura murfin sama.

Ba a rana ɗaya hinji ke karyewa ba. Babban mai laifi ita ce igiya. Duk wanda ya taɓa shiga motar haya ranar kasuwa ya san yadda ake yi: a cusa buhunan masara da jarkokin manja har but ya ƙi rufuwa, sai a bar murfin a ɗage, a ja shi da igiya ko robar tib a ɗaure a bamba. Daga nan duk ramin da mota ta faɗa, murfin zai yi sama ya dawo ya bugi kaya, nauyinsa duka ya koma kan wuyan hinji. Ƙarfe yana gajiya. Tsaga ce ke fara fitowa, siririya, yawanci a wurin lanƙwasa ko a bakin ramin kusa, ta riƙa ci a hankali wata da watanni. Mai laifi na biyu tsatsa ce. Fil ɗin nan ba a tuna shi ranar sabis, ba ya ganin giris, ruwan damina yana ɗiga masa in robar gilashi ta mutu, har ya cije. Mai mota ya ji murfi ya yi nauyi, maimakon ya tambayi dalili sai ya ƙara ƙarfi. Gefen da ya cije ya tsaya, lafiyayyen ya tafi, murfi ya murɗe. Akwai kuma motar da aka taɓa buga wa baya shekaru da suka wuce aka gyara da gaggawa, murfin yana zaune a kan tilas tun lokacin.

Shi ya sa gwani ba ya fara da wuta. Zai karɓi karyayyen hinjin ya juya shi a hannu ya dubi fuskar karayar. Inda ya yi baƙi da tsatsa, tsohuwar tsaga ce, inda yake fari yana ƙyalli, nan ne ya ƙarasa ɓallewa jiya ko shekaranjiya. Idan baƙin ya fi farin yawa, ya san ciwon ya daɗe, kuma ba zai yarda ya bar ɗaya gefen ba a duba ba. A nan ake fara ja-in-ja. Mai mota ya ce, "Malam, ɗaya ne fa ya karye." Shi kuma ya ce, "Alhaji, tare suka yi aikin, tare suka gaji." Sau da yawa in an goge na biyun da burushin waya, sai ga tsagar ta bayyana a daidai wurin da ɗan'uwansa ya karye.

Kafin a kwance ko kusa ɗaya, sai an zagaye mazaunin hinjin da bakin ƙusa ko alli, a bar shaida a jikin murfi. Ramukan kusoshin dogaye ne da gangan, don a samu damar matsar da murfi gaba ko baya, kuma wanda bai bar shaida ba zai kwana neman inda masana'anta ta ajiye shi. Sannan a tura tsummoki a kusurwoyi biyun da ke kusa da gilashi, yara biyu su riƙe murfin, ɗaya a kowane gefe. Dalili kuwa, da zarar kusa ta ƙarshe ta fita murfin zamewa yake yi, kuma abin da ke gabansa gilashin baya ne, wanda samun na 504 a yau ya fi samun hinji wuya da tsada. Maigida ba ya barin sabon yaro ya taɓa sifirin ko sandar nan mai murɗi. Tana ɗauke da ƙarfin da ke ɗaga murfi duka, in ta kuɓuce yatsa take nema ko haƙori. Da wani ɗan ƙarfe mai tsagi a baki, wanda kowane gareji ke ƙera nasa, ake kamo ta a sauke ta a hankali, fuska a kauce.

Wani lokaci sai an buɗe ake ganin ashe hinjin lafiya lau yake, mazauninsa ne ya ɓalle. Murfin but falle biyu ne, fatar waje da ƙashin ciki, kuma a tsakaninsu masana'anta ta liƙa notin da kusoshin ke shiga. In tsatsa ta ci wurin, noti ya saki, kusa ta riƙa juyawa ba ta ɗauruwa ba ta kwantuwa. Mai gaggawa sai ya narka hinji a jikin murfi da walda, ya ce an gama. Wannan zalunci ne ga motar da kuma wanda zai gyara ta nan gaba, domin ya kashe duk wata damar saiti. Abin da ya dace shi ne a yanke 'yar taga a ƙashin ciki, a fitar da ruɓaɓɓen, a yanko sabon ƙarfe mai ɗan kauri a huda shi, a liƙa masa sababbin noti, a zura shi ciki a kama, sannan a mayar da tagar. Duk wannan kuma ba tare da zafi ya kai fatar waje ba. Kaurinta bai kai milimita ɗaya ba, in wuta ta lashe ta sai ta kumbura ta yi tudu da kwari, fenti ya tashi, aikin hinji ya koma aikin murfi gaba ɗaya. Jiƙaƙƙen tsumma a bayan wurin, da haƙurin ɗiga walda kaɗan-kaɗan ana barin ta huce, su ne maganin.

Idan hannun hinjin ne ya karye, tambaya ta farko ita ce ko za a samu wani. Sabo dai babu. Sai a tura yaro Fanteka in a Kaduna ake, ko Ƙofar Ruwa in a Kano ne, ya bi masu kwance tsofaffin motoci. In an dace, to. Amma na kwance ma shekarunsa ɗaya da wanda ya karye, kuma ba a san irin lodin da ya ɗauka ba, don haka ƙwararru da yawa sun fi amincewa da gyaran da suka yi da hannunsu.

Za a kankare bakin karayar har ƙarfe ya yi fari, a gurje gefe biyun su yi kwari, yadda walda za ta shiga har zuciyar ƙarfen ba ta tsaya a fata ba. In tsaga ce ba ta gama rabuwa ba, sai a huda ɗan rami a daidai inda ta tsaya, don kada ta ci gaba da tafiya a ƙarƙashin gyara. Sai babban al'amari, wato kusurwa. Aikin nan ɗaya yake da na maɗori: haɗa ƙashi ba shi ne wuya ba, haɗa shi a miƙe ne, domin in ya kama a karkace mai shi ya gamu da ɗingishi har abada. Kuskuren da ido ba ya gani a wuyan hinji, in ya bi tsawon murfi ya isa wurin makulli ya zama faɗin yatsa. Saboda haka gwani yakan kwantar da lafiyayyen hinjin a kan fallen ƙarfe ya zana siffarsa, ya ɗora karyayyen a kan zanen, ya danne shi, ya ɗiga walda wuri biyu kawai. Daga nan ya mayar da shi jikin mota, a ɗora murfi a gwada. In bai yi ba a ɓalle ɗigon a sake. Sai ya gamsu sannan ya cika waldar, gefe da gefe, wannan kaɗan wancan kaɗan, domin walda tana jan ƙarfe zuwa ɓangarenta in tana hucewa.

Wutar da za a yi amfani da ita ma abin shawara ce. Tsohuwar abokiyar mai ƙwanƙwasa ita ce wutar kabaid: a zuba duwatsun kabaid a tanki, ruwa ya taɓa su, iska mai kamawa ta tashi, a haɗa ta da oksijin daga tukunya. Harshenta yana haura digiri 3,000, alhali ƙarfe yana narkewa a wajen 1,500, kuma ba ta jiran wutar nefa. Tana da kyau ga falle mara kauri da kuma gasa ƙarfe a lanƙwasa shi. Ga hannun hinji mai kauri kuwa waldar lantarki ta fi shiga ciki, ta kuma fi saurin gamawa kafin zafi ya bazu. Akwai masu son liƙi da sandar tagulla, wadda ke narkewa a wajen digiri 900, don tana kwanciya sumul ta yi kyan gani. Tana da wurinta, amma ba a kan karayar da aka haɗa baki da baki mai ɗaukar nauyi ba, kuma duk inda tagulla ta taɓa, waldar ƙarfe ba ta sake kamawa da kyau sai an kankare ta tas. Wanda ya liƙa maka hinji da tagulla ya bar wa na bayansa aiki biyu.

Sai wata ɗabi'a da nake jin haushinta a gareji: ana gama walda yaro ya ɗauki ƙarfe da filaya ya tsoma a bokitin ruwa don Oga ya samu riƙewa da wuri. Sanyin farat ɗaya yana iya sa wurin waldar ya yi tauri mara juriya, musamman in ba a san irin ƙarfen ba. Tsofaffin hannu a yashi suke binne shi, ko su ajiye shi gefe su tafi salla, su dawo ya huce da kansa. Wasu sukan ƙara ɗan ƙarfe a cikin lanƙwasar don ƙarfafawa, su siranta bakinsa biyu. In aka bar bakin da kauri, tsaga ta gaba daidai nan za ta fito.

Ba kowane hinji ke karɓar wuta ba. Motocin Ingila irin su Morris Minor, wadda ta yi tasi a biranen Nijeriya kafin zamanin 504, hinjinsu a waje yake, mai ƙyalli, kuma zubi ne na wani ƙarfe mai yawan zinki da ke narkewa ƙasa da digiri 400. Ka kai masa harshen kabaid, kafin ka ankara ya zube ƙasa. Maganaɗisu ke raba gardama. In bai kama ba, a ajiye wuta a nemi wani, ko a sa a ƙera sabo da ƙarfe.

Fil kuma, in ya cinye ko raminsa ya buɗe, dole a je wurin masu injin sassaƙa ƙarfe su fitar da sabo daidai awo, a sa masa zobe a ramin. Kusar da aka tsinta a ƙasa aka cusa tana aiki na wata biyu, sannan zarenta ya riƙa cin ramin.

Duk wannan wuta a bayan mota ake kunna ta ko kusa da ita, kuma tankin mai yana nan bayan. Shi ya sa mai hankali yake cire hinji ya kai shi teburi, abin da ya zama dole a yi a jikin mota kuma sai an fitar da kafet da taya da duk wata jarka, an rufe gilashi da jiƙaƙƙen kwali saboda tartsatsi yana huda shi ya bar tabon da ba ya goguwa, an cire kan batir in waldar lantarki ce. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, domin tururin ne ke fashewa. Su kansu masu sana'ar ba su cika tausayin jikinsu ba. Za ka ga saurayi yana waldar lantarki da baƙin tabarau na kasuwa, ko ya rufe ido ya kau da kai, dare ya yi ya kasa barci idanu na zuba ruwa. Tankin kabaid ɗin da aka haɗa a gida shi ma yakan fashe in wuta ta koma cikin tiyo. Maigidan da ke saya wa yaransa garkuwar fuska ya cancanci a kai masa aiki ko da kuɗinsa ya ɗara.

Walda minti kaɗan ce. Saiti ne ke cinye yini. A ɗora murfi a kan shaidar da aka bari, a ɗaure kusoshi sama-sama, a sauke shi a hankali ba tare da an bari makulli ya kama ba. Maigida ya tsuguna a baya ya rufe ido ɗaya ya dubi tazarar da ke tsakanin murfi da jiki, dama da hagu, milimita huɗu zuwa biyar, kada wannan ta fi waccan. Ya shafa tafin hannu daga modigad zuwa murfi, domin fata tana jin tudun da ido ya tsallake. "Ɗaga kaɗan. Turo shi wajenka. Tsaya nan, kar ka motsa." Yaro ya ce, "To, Oga," ya ƙame. In kusurwa ɗaya ta yi ƙasa ko sama, a saka wosha tsakanin hinji da murfi, a sake gwadawa. Sai an gama da hinji ake taɓa makulli. Masu koyo sukan juya tsarin, su ja murfi da makulli har ya rufu da ƙarfi, sun mayar da tilas ɗin da ya karya hinjin tun farko.

Gwajin ƙarshe biyu ne. A saka 'yar takarda a kan robar but a rufe a ja, wuri-wuri, inda ta zare ba tare da turjiya ba nan iska ke shiga. Sannan a kwara bokitin ruwa daga gilashi a buɗe a duba. Wannan ba kwalliya ba ce. But ɗin da bai rufu da kyau ba yana zuƙo ƙurar hanya da hayaƙin salansa, hayaƙin ya bi ta bayan kujera ya shiga cikin mota, yaran da ke baya su riƙa ciwon kai a doguwar tafiya ba a san dalili ba. In komai ya yi, a shafa wa hinji jan fenti mai hana tsatsa, a cika fil da giris, a mayar da sifirin. Murfin da aka saita daidai, da ka murɗa makulli zai ɗago da kansa, kuma da yatsa biyu za ka rufe shi.

Wurin biya ne ake ɓatawa. Mai mota yana kallon ɗan ƙarfen da bai fi tafin hannu ba da layin walda guda, yana lissafin sandar walda biyu. Mai ƙwanƙwasa yana lissafin yinin da ya tashi a kai shi da yara biyu, alhali da bamba ya canja wa motar zamani da ya gama uku. Wannan lissafi ne ke sa matasan gareji ba sa ɗokin koyon irin aikin. Motocin da ke shigowa yanzu bambarsu roba ce, murfinsu a cire a sa wani na kwance, an gama. Su kuma 'yan gwangwan suna bin unguwa-unguwa suna saye gawarwakin 404 da 504 da 505 a kan kilo, a sare su da gatari a loda a tirela zuwa kamfanonin narka ƙarfe. Wasu tsofaffin masu ƙwanƙwasa, in suka ji za a sare wata, sukan tura yaro da sifana goma da sha uku ya kwanto hinji da makulli da hannun ƙofa kafin gatari ya sauka, su biya kuɗin kilo, su rataye a ƙusa a cikin shago har ranar da mai nema zai zo.